Ustaz Ya Kira Inna a Wadi Digla

Ko da zan manta da duk abin da na haddace a Alƙahira, ba na jin zan taɓa mantawa da wata safiyar Juma'a da na hau keken dutse a Wadi Digla. Har yau in na tuna sai in ji tafin ƙafata yana yi min yam-yam, kunnuwana kuma su ɗau zafi. Na farkon tsoro ne, na biyun kunya, kuma duk biyun da bakina na jawo wa kaina.

Bari in faro daga gida. Mu bakwai ne a wani gidan haya, hawa na biyar, a unguwar Abbasiyya, dukkanmu ɗalibai: biyar 'yan Najeriya, Basudane ɗaya, ɗan Nijar ɗaya. Ni ne Ustaz na gidan. Ba don na fi kowa karatu ba (da ana manna sakamakon jarrabawa a bango, da tuni an sauke ni), sai don Allah ya ba ni murya da gemu, kuma na iya zaman malamai. Duk Alhamis bayan la'asar nake buɗe halƙa, wato zaman karatu, a falonmu, har daga unguwar Darrasa wasu ke zuwa, a kan kai mutum ashirin. Wannan halƙar ita ce duk abin da na mallaka a ƙasar Masar. A jami'a ni ba kowa ba ne, a layin sayen burodi ma ni ba kowa ba ne, amma ranar Alhamis in na yi gyaran murya falo tsit yake yi.

Ɗan Nijar ɗin sunansa Isuhu, mutumin Tawa, dogo ne siriri, ba ya son yawan magana. Da yamma yana kai wa mutane saƙon abinci a keke, ranar Juma'a da safe kuma ya bi wasu Misirawa su tafi hawan duwatsu a bayan Ma'adi. Shi ya fi kowa iya girki a cikinmu. Wata rana yana dafa mana shinkafa sai tiyon tukunyar gas ya kwance, wuta ta yi bal ta lashe masa gira ɗaya. Ya kurma ihu, "Wayyo Inna!" Amma bai gudu ba, ya kai hannu ta ƙarƙashin wutar ya murɗe tukunyar. Ni kuwa lokacin da wutar ta mutu ina hawa na uku, babu takalmi. Sai dai shiru na gudu, ban kira kowa ba, kuma a wancan lokacin nasara na ɗauki abin.

Alhamis ɗin da ta biyo baya darasina a kan kyakkyawar cikawa ne. Na yi bayanin cewa in firgici ya zo, harshe abin da ya saba da shi yake kamawa, wanda ya saba da ambaton Allah shi zai fito masa ko bai shirya ba. Da na tsaya nan da na zauna lafiya. Amma na ga ana gyaɗa kai, daɗin baki ya kwashe ni, sai na ce, "Akwai wani ɗan'uwa, ba zan faɗi sunansa ba, da wuta ta taso masa, maimakon kalmar shahada sai ya kira mahaifiyarsa. Yanzu da a nan rai ya yi halinsa fa?"

Mutum ɗaya ne mai gira ɗaya a falon. Aka fashe da dariya. Ni ma na murmusa, na shafa gemu.

Daga ranar sunan Isuhu ya koma Wayyo Inna. A matakala ake kiransa da shi, a ƙofar masallaci ake kiransa da shi. Ya ci gaba da dafa mana abinci, sai dai ya daina zama da mu a faranti, ya kan ɗebi nasa a ɗan kwano ya fita baranda. Mako uku ana haka. Na lura, amma na ce wa kaina nasiha dama ɗaci gare ta.

To, wata Laraba muna cin abinci sai hira ta gangaro kan hawan dutsen da yake zuwa. Abakar, Basudanen namu, ya ce shi ko a mafarki ba zai hau ba. Ni da ba a tambaye ni ba na ce, "Keke ne fa. Mu a Haɗeja da keke muka tashi. Nawa ma ko birki babu, da silifa nake tsayar da shi, kuma buhun gero nake ɗaukowa a baya." (Abin da ban faɗa ba shi ne, a garinmu tudun da ya fi kowanne tsawo jujin bayan kasuwa ne.) Sai muka ji murya daga baranda.

"Ustaz, to ka zo mu tahi jibi mana. Kai da ba ka tsoro."

Maganarsa ta farko gare ni ke nan cikin mako uku, kuma a gaban kowa ya yi ta. Duk suka zubo min ido. Na yi ta maza na ce, "Khalas, shi ke nan, Allah ya kai mu."

Ranar Juma'a muna idar da asuba muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa Ma'adi. A can shugaban masu hawan, wani ƙaƙƙarfan Bamisire da suke kira Kaftin Hazim, ya ɗauke mu a motarsa, kekuna a ɗaure a baya. Ba mu daɗe ba gine-gine suka ƙare, muka shiga Wadi Digla, wani kwari mai fararen duwatsu hagu da dama. Babu bishiya, babu gida, babu ƙarar mota. Ni da na saba da hayaniyar Abbasiyya, shirun wurin kaɗai ya sa gabana ya fara faɗuwa.

Kaftin ya dube ni sama da ƙasa, ya dubi jallabiyata, ya ce da ita ba za a hau ba, sarƙa za ta cinye ta. Na ce ni kuma ba zan sa guntun wando ba. Aka sasanta a kan in naɗe ta in cusa a cikin dogon wandona, na fito da wani tulin ciki kamar mai juna biyu. Ya turo min keke mai ƙatuwar taya, ya shiga yi min bayani da Larabcin Masar mai gudu. Ni Larabcin littafi na iya, don haka ina ta "tamam, tamam" alhali rabin maganar ta wuce ni. Isuhu ya matso ya ce, "Abu ukku ya ce. In muna gangara ka ja jikinka baya. Kak ka damƙe birkin hagu, na gaba ne, yana kamawa da ƙarhi. Kuma ka dubi inda kake son zuwa, kak ka dubi rami."

Na ce, "Na sani."

Sai aka miƙo min hular kwano. Ita kaɗai ta rage, kuma a samanta akwai wata 'yar kamara a maƙale. Isuhu da kansa ya ɗaure min igiyar a haɓa, ya kai yatsa ya danna kamarar. Ta yi ƙara sau uku, tit, tit, tit. Ya tsaya yana kallonta, ya juya suka yi wata 'yar magana da Kaftin, sannan ya ce min, "Yalla, mu tahi, Ustaz."

Nan take na gane abin da aka shirya min. Wato duk abin da ya fito daga bakina a kan dutsen nan, zai koma Abbasiyya a aljihun mutumin da na mayar abin dariya. Na yi wa kaina alkawari: ko wuyana zai karye, da kalmar shahada zai karye.

Da farko ma har daɗi na ji. Hanyar mai faɗi ce a cikin kwarin, keken yana tafiya luwai. Tunda ana ɗauka, na ga bai kamata a yi asarar damar ba, sai na gyara murya na fara, "Subhanallah, 'yan'uwa, ku dubi halittar Ubangiji, ku dubi waɗannan duwatsu..." Da aka fara hawa tudu wa'azin ya gajarce. Da aka kai rabi ya koma huci zalla. Cinyoyina suka ɗau wuta, maƙogwarona ya bushe ƙayau, jallabiyar da na cusa ta jiƙe sharkaf. Amma dai na kai sama, kuma ban faɗi abin kunya ba.

A saman ne na ga abin da suke kira hanya. Wallahi faɗinta bai kai na dadduma ba. Ta hagu bangon dutse, ta dama babu komai, iska ce kawai, can ƙasa kuma motar Kaftin ta koma kamar akwatin ashana. Hanyar ta bi gefen dutsen tana lanƙwasa, ta ɓace a bayan wani ƙaton dutse, ta sake ɓullowa can ƙasa tana wata lanƙwasar. Na tuna ko wasiyya ban rubuta ba, na tuna fasfona yana cikin akwati kuma babu wanda ya san lambar makullin. Har na hango yadda za a kira gida a ce wai a kan keke na rasu, ɗan da aka tura neman ilimi.

Kaftin ya wuce, sauran suka bi shi ɗaya bayan ɗaya, don mutum biyu ba sa jerawa. Isuhu ya tsaya a bayana ya ce a hankali, "Ustaz, in ba ka iyawa, akwai wata hanya ta baya, ana tura keke a sauka. Ba komi ba ne."

Ka ga, mutumin nan ya buɗe min ƙofa. Amma kamara tana kaina. Na ce da ƙarfi yadda za ta ɗauka sosai, "Ajali ba ya wuce lokacinsa, Malam Isuhu. Bismillahi tawakkaltu alallah." Na taka feda.

Kwanar farko na sha ta, ban san yadda aka yi ba. Bakina yana ta kalmar shahada daram, har wani sashe na zuciyata yana cewa madalla da Ustaz. Sai hanyar ta sunkuya. Keken ya fara gudu da kansa, tsakuwa tana watsewa a ƙarƙashin taya, ina jin wasu suna gangarawa ta dama, kuma ban ji inda suka sauka ba. Hannuwana suka sandare a kan kan keken, haƙorana suna haɗuwa, hular tana bugun goshina. An ce kada in dubi rami. Na dubi rami. Kuma gaskiyar Kaftin ne, inda ka duba nan keke yake nufa. Na ga tayar gaba tana matsawa bakin hanya, saura kamar tafin hannu.

A nan ne Haɗeja ta taso min. Ƙafata ta dama ta sauka daga feda da kanta tana neman ƙasa, irin birkin silifa da na saba. Ba ta sami ƙasa ba, iska ta samu. Feda ta juyo ta maka min a ƙwauri. Kwana ta biyu ta taho a guje, ni kuma na damƙe abin da ke hannuna da duk ƙarfina, kuma na hagun ne. Tayar gaba ta ƙame, ta baya ta ɗaga sama, na ga sararin samaniya a inda ƙasa ya kamata ta kasance.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Abin da ya fito, kuma duwatsun suka amsa suka maimaita shi, shi ne:

"Wayyo Inna! Wayyo Allah na shiga uku! Inna ki cece ni! Innaaa!"

Na daki ƙasa da kafaɗa, na mirgina, na ji ina zamewa ta gefen hanya, hannuna ya cafki wata busasshiyar ciyawa mai ƙaya. Na runtse ido, ƙafafuna suna reto. Na tabbata ramin nan ne a ƙarƙashina, kuma ina jin saiwar ciyawar tana tsinkewa ɗaya bayan ɗaya. Ban taɓa jin tsoro irin wannan ba, tsoron da ke sa ka ji fitsari da amai lokaci guda. Kuma ko a nan ɗin, da na sami daƙiƙu masu yawa na gyara lafazi, ban gyara ba. Ina ta, "Inna! Isuhu! Isuhu ka rufa min asiri, zan mutu! Ban yi aure ba, Isuhu!"

Sai na ji muryarsa a kusa da kunnena, ko haki ba ya yi.

"Ustaz. Buɗe ido."

"Ba zan iya ba!"

"To miƙe ƙahwa."

Na miƙe ƙafa. Ta taɓa yashi. Na buɗe ido ɗaya. Ashe babban ramin tun kafin kwanar muka bar shi a baya. Inda nake reto wani ɗan kwari ne da bai kai ƙuguna ba, cike da yashi mai laushi. Isuhu ma a cikinsa yake tsaye, yana riƙe da bayan wandona. Ina cikin wannan halin sai ga wata tsohuwa Bamisiriya da ta kusa yin jika da ni, hijabi a ƙarƙashin hular kwano, ta sha kwanar cikin natsuwa, ta dube ni ta ce, "Ma'alish ya Shaikh," wato ba komai, ta wuce abinta.

Sauran hanyar a ƙasa na yi ta. Isuhu ya tura kekuna biyu, ni ina biye ina dafa bango, inda ya yi tsayi in zauna in ja gindi. Da muka sauka ya ba ni ruwa, shi ya riƙe min gorar na sha. Ya wanke min ƙwaurin, ya cire min ƙayoyi daga tafin hannu. Bai yi dariya ba. Da ya kwance min hular sai ya ciro kamarar ya jefa a aljihun jakarsa, wai Kaftin ya ba shi aro na mako guda. Na bi aljihun da kallo har ya ja zif.

A huɗubar ranar ban fahimci ko kalma ɗaya ba. Abu biyu ne suke cina. Na farko, kuma wannan ba wasa nake ba, na ga da idona abin da harshena ya kama da na zaci mutuwa ce, kuma abin ya girgiza ni. Na biyu, wanda in za a faɗi gaskiya ya fi na farkon hana ni sukuni (ka ji irin Ustaz ɗin), shi ne aljihun jakar Isuhu.

'Yan gida suka tambayi yadda aka yi. Na ce alhamdulillahi, 'yar zamewa ce kawai. Suka juya wajen Isuhu, ya ce, "Ustaz ya yi ƙoƙari," ya ɗauki kwanonsa ya fita baranda. Wannan "ya yi ƙoƙari" ita ta ƙarasa ni. Na ce shi ke nan, ajiye abin yake sai ranar Alhamis, lokacin da falo zai cika, ya rama a inda aka yi masa.

Kwana shida na yi a wannan azaba. Waya ta yi ƙara, gabana ya faɗi, in ce an tura hoton a guruf ɗinmu na waya. In ji dariya a ɗakin su Abakar, in laɓe a bakin ƙofa, in tarar ƙwallo suke kallo. A aji malami yana bayani, ni ina jin muryata tana cewa ban yi aure ba. Sau biyu na tarar da jakar a rataye babu kowa a ɗakin, na tsaya ina kallonta, ina lissafin ko ɗauke katin da ke ajiye hoto a cikin kamarar don kare mutunci yana shiga babin sata. Abu ɗaya ne bai taɓa zuwa min a rai ba a duk kwanakin nan: in fita barandar nan in ce, Isuhu, na yi maka laifi, ka yafe min. Taku biyar ne daga inda nake zama.

Ranar Laraba dabara ta zo min, kuma na ji daɗinta ƙwarai. Na ce zan riga shi. In na ba da labarin da bakina, na naɗe shi cikin darasi, to hoton ya zama tsohon labari, ni kuma in fito a matsayin malami mai tawali'u.

Alhamis falo ya cika har bakin ƙofa. Isuhu yana can kusurwa, jakarsa a kan cinya. Na yi gyaran murya, na ce yau darasinmu a kan raunin ɗan Adam ne, kuma misalin daga kaina zan kawo shi. Na ba da labarin hanyar, da ramin, da birkin silifa. Na ce, "Da na ga mutuwa, 'yan'uwa, harshena ya zame, na kira mahaifiyata." Na so in wuce daga nan da sauri, sai Abakar, wanda fannin hadisi yake karanta, ya ɗaga hannu da fuskarsa a ɗaure.

"Ustaz, wannan riwayar da ma'ana ka kawo ta ko da lafazi? Don mu a wajenmu lafazi ya fi ƙarfi."

Na yi tunani, ai ko na ɓoye hoton zai tona. Don haka na kawo lafazi. Duka. Da "na shiga uku", da "Inna ki cece ni", da "ban yi aure ba". Wani ya tambayi tsawon ramin, na nuna ƙuguna. Wani ya tambayi ko akwai shaidu, na kawo zancen tsohuwar nan da "ma'alish" ɗinta. Zuwa lokacin falon ya hargitse, wani yana dukan bango, wani ya kifa kai a cinyar na kusa da shi, Abakar hawaye yake yi. Na daure, na ɗaga hannu aka ɗan lafa, na juya kusurwa cikin muryar wanda ya gama sallamawa.

"To Malam Isuhu, bismillah. Fito da hoton ka nuna musu. Na yafe."

Ya ɗago kai. "Wane hoto?"

"Na kamarar da ke kan hulata."

"Ustaz, ai babu kati cikinta. Kaftin ya mance shi gida. Kukan nan ukku da ta yi, shi take hwaɗi."

Falon ya yi tsit na ɗan lokaci, irin tsit ɗin da nake so a da. Sai wani daga baya ya ce, "Wato babu wanda ya sani?" Isuhu ya ce, "Su Kaftin ba su jin Hausa. Sun ɗauka addu'a yake." Abin da ya biyo baya ba zan iya kwatanta shi ba. Maƙwabcinmu na ƙasa sai da ya hau ya buga ƙofa. Ni dai ina zaune a kan dadduma, littafi a buɗe a gabana, zufa tana bin gemuna, ina roƙon Allah ya tsaga hawa biyar ɗin nan in wuce.

Da aka watse na same shi a baranda. Na ce, "Me ya sa ba ka gaya min ba? Kwana shida ban ci abincin kirki ba."

Ya ce, "Ba ka tambaye ni ba." Sannan ya ƙara da cewa, "Ba ni ɓoye maka, Ustaz. Da niyyar in ɗauke ka na kai ka. Da na ga babu kati haushi na ji. Amma da na ji muryarka bisa dutsen nan, sai na gode Allah da babu. Ni na san yadda abin yake. Mutum ba shi zaɓen abin da zai ce."

"Amma ko babu hoto ai kana da baki. Kana iya ba su labari."

"Ina iyawa," ya ce, ya ci gaba da kallon titi.

Dariyar mutum ashirin ba ta yi min abin da kalmomin nan biyu suka yi min ba. Mutum ɗaya ne a duk ƙasar Masar ya ji abin da na faɗa kuma ya gane shi, shi ne wanda na tsaya a gaban jama'a na yi wa'azi da girarsa. Kwana shida asirina yana hannunsa, ko ga Abakar da suke ɗaki ɗaya bai furta ba. Idona ya kawo ruwa. Na ce, "Isuhu, don Allah ka yafe min. Ranar gobarar nan ma kai ka kashe wutar, ni ina hawa na uku." Ya ce, "Na biyu. Na leƙo na gan ka." Muka yi dariya, tawa da majina.

Da aka kawo faranti bayan magariba ya wanke hannu ya zauna kusa da ni. Ya turo tsokar da ke gabansa zuwa gabana ya ce, "Ci, Ustaz, ka rame."

Halƙa ba ta mutu ba, har ma mutane sun ƙaru, ko da yake na san ba duka ne ilimi ya kawo su ba. Sunan Wayyo Inna ya bar Isuhu tun daga ranar, don an sami wanda ya fi cancanta, kuma nawa har da ƙari: Ustaz Ban-Yi-Aure-Ba. Har a Darrasa masu sayar da littattafai sun san shi. Ina amsawa, me zan ce?

Darasin cikawa kuwa ina nan ina yin sa, amma yanzu in na zo wajen misali ba na waige-waige a falo, mai misalin yana zaune a kan dadduma. Abin da na koya bai da yawa. In ka ji ɗan'uwanka ya yi ihu cikin firgici, ka kama bakinka har sai an ɗora ka a kan dutse an ji naka lafazin. In kuma ka yi wa mutum laifi, baranda taku biyar ce, ta fi Wadi Digla kusa. Isuhu har yau duk Alhamis da yamma sai ya leƙo ɗakina da girarsa da ta gama tsirowa, ya ce, "Ustaz, gobe muna tahiya, kuma wannan karon akwai kati." Ni kuma in ce ina da muraja'a, bitar karatu ta riƙe ni.